Layin ƙarfe ya ƙi zama a wurinsa: neman taimako kan bayanan Chandra

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa. Ɗalibin kimiyyar fizik ne ni a nan Yamai, kuma wata matsala ta ci mini tuwo a ƙwarya tun makonni uku.

Ina aiki da bayanan ACIS, na'urar ɗaukar hasken X-ray ta tauraron ɗan adam Chandra, wanda aka harba a 1999. Layin ƙarfe, wato alamar da sinadarin ƙarfe ke bayarwa a hasken X-ray, ya kamata in gan shi a 6.7 keV (awon kuzarin hasken), amma kullum yana fitowa ƙasa kaɗan. Na sabunta CALDB, rumbun bayanan daidaita na'urar, na sake tace bayanan da manhajar CIAO har sau huɗu, jiya ma sai da asuba ta riske ni gaban kwamfuta, shayi ya huce a kofi. Layin bai gusa ba.

Na san na'urar ta tsufa. Burbushin proton sun lalata ta tun shekarar farko, caji na zubewa kafin a karanta shi. Ma'aunin da ake daidaita ta da shi, Fe-55, wani nau'in ƙarfe mai fitar da hasken X-ray da layi a 5.9 keV, rabinsa ke ƙarewa duk shekara 2.7, yanzu ya dushe sosai. Abin da na fi zargi shi ne zafi, don lokacin ɗaukar bayanan na'urar ta ɗumama fiye da -120°C, sanyin da ya kamata ta zauna a kai.

Don Allah, in ware lokutan ɗumin in zubar, ko akwai gyaran da ya fi haka? Bayanan nawa kaɗan ne, ina tsoron rasa rabinsu.