Yaya ake auna iskar kabon da gidajen unguwa ke jawowa?

Mai_Tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Idan ana son sanin yawan iskar kabon da gidajen unguwa guda ke jawowa a shekara, daga ina ake farawa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, fara da makamashi. Ka karɓi adadi, ba kuɗin da aka biya ba: lita nawa, kilo nawa, yunit nawa a mita. Sai ka ninka kowanne da yawan iskar kabon da yake fitarwa. Litar fetur na fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon (CO2), ta dizal 2.7, ta kananzir 2.5, kilon gas ɗin girki kuwa kusan 3. Lantarki ba ta da lamba guda, ya danganta da abin da tashoshin da ke ba layin suke ƙonawa.

Malamar_Ƙididdiga: Haka ne, amma da sauran aiki. Tufafi, siminti da wayar hannu a masana'anta hayaƙinsu ya tashi, galibi nesa da unguwar. Dole a ɗora shi kan gidan da ya saya, in ba haka ba unguwar masu hali sai ta fito fes a takarda. Yawanci ana ninka kuɗin kowane rukunin kaya da matsakaicin hayaƙinsa, kuma nan kuskure ke shiga: riga mai tsada ninki goma ba ta jawo hayaƙi ninki goma ba.

Mai_Safiyo: Kada a yi wa gidajen tambayoyi a wata guda kawai, don lokacin zafi da na sanyi ba ɗaya suke wajen cin wuta ba. A raba jimillar da yawan mutanen gida. Man janareta kuma a ware shi daga na mota, kada a ƙirga lita ɗaya sau biyu.