Gilashin Baba bai yi wa yarinyata aiki ba, me ya jawo?

Maman Biyu, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yarinyata tana JHS 2, wato aji 2 na ƙaramar sakandare, tichanta ya ce ba ta ganin rubutun allo sai ta taso ta zo gaba, a gida ma in tana kallon talabijin sai ta dinga matse ido. Jiya ta ɗauki gilashin da Baba ke karatun Alƙur'ani da shi, wanda muka sayo masa a kasuwar Kejetia, ta gwada, sai ta ce ai gara ma idonta, komai na nesa ya koma hazo. Kuma na lura na Baba in ka ɗora shi kan rubutu girma yake ƙarawa amma na maƙwabciyata ƙanƙantar da rubutu yake yi. Ba duka gilashi ba ne? Ko in koma kasuwa in nemo mata wani?

Ticha Sayans, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki koma kasuwa tukuna, gilashin iri 2 ne kuma aikinsu kishiyar juna ne. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya cikin iska, in ya shiga gilashi sai ya ragu zuwa wajen 200,000, toh in ya shigo a karkace wannan raguwar ce ke sa ya lanƙwashe. Kamar trok ɗin da yara ke turawa a kasuwa ne, in tayar gefe ɗaya ta riga shiga yashi sai ta rage gudu, ɗayar na kan kwalta tana tafiya, dole trok ya juya.

Na Baba shi ne konbeks, tsakiyarsa ta fi bakinsa kauri, ki shafa da yatsa za ki ji tudun. Hasken da ya bi ta tsakiya sak yake wucewa, wanda ya bi ta gefe kuwa sai ya karyo ciki, duk su haɗu a ɗigo ɗaya, shi ya sa in kika riƙe shi a rana yana iya ƙona takarda. Na maƙwabciyarki konkeb ne, tsakiya siririya baki mai kauri, shi baza haske yake yi waje, ko ki kwana a rana ba zai tara shi ba.

Yanzu abin da ya shafi yarinyar. Cikin ido akwai lens, shi ma konbeks ne, aikinsa ya tara haske daidai kan labulen da ke bayan ido. Yaron da ba ya ganin nesa galibi ƙwayar idonsa ce ta ɗan yi tsawo, sai hasken ya haɗu tun bai kai labulen ba, kafin ya isa ya sake watsewa. Kin ga in aka ƙara mata gilashi mai tara haske ai an ƙara matsalar ne, haɗuwar za ta ƙara matsowa gaba. Ita mai bazawa take buƙata ya ɗan jinkirta haɗuwar. Baba kuwa shekaru ne, daga 40 zuwa sama lens ɗin ido yana taurara ba ya iya kumbura don ganin kusa, sai a taimaka masa da mai tarawa.

Yaya Mai Tabarau, Adum:
Ticha Allah ya saka, ka gama bayani. Ni a shagon tabarau nake aiki, abin nan kullum muna gani kuma yana damuna sosai. Hajiya ki duba hannun gilashin Baba ko 'yar takardar da ke manne, za ki ga +1.50 ko +2.00 haka. Alamar tarawa konbeks ce, alamar debewa konkeb. Lambar kuma ƙarfinsa ne, +2.00 yana tara hasken rana a nisan santimita 50, +4.00 a 25. Waɗanda ake zubawa a tebur a kasuwa na karatu ne, masu alamar tarawa, na manya, ba a yi su don yaron da ba ya ganin allo ba. In ba lamba ki riƙe shi kusa da fuskarki ki kalli bakin ƙofa ki motsa shi hagu da dama, in ƙofar ta bi hannunki konkeb ne, in ta yi gefen da ba shi ba konbeks ne. Ki kai ta a auna, akwai sashen ido a asibitin Komfo Anokye, jami'ar KNUST ma tana horar da masu auna ido don haka a Kumasi ba a rasa su ba. Sau da yawa ido 2 lambarsu ba ɗaya ba ce, wani ma gaban idonsa bai zagaye daidai ba sai an yanka masa nasa na musamman.

Malamin Makaranta, Sawaba:
Masha Allah na ƙaru. Ku gaya wa yaranmu wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu, Ibn al-Haisam da aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya zauna a Alƙahira, shi ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da haske ba. Kuma dan Allah a ja kunnen yara, su ƙona takarda in suna so amma kar wanda ya kalli rana ta cikin gilashin, ido yake ƙonawa.

Maman Biyu, Aboabo:
Na gode ƙwarai, na duba na Baba +2.50 ne. Amma Yaya ana cewa in yaro ya fara sa gilashi idon lalacewa yake ƙara yi, gaskiya ne? Wannan ne ke tsorata babanta.

Yaya Mai Tabarau, Adum:
Ba gaskiya ba ne Hajiya, ki kwantar wa Alhaji da hankali. Gilashi haske kawai yake lanƙwasawa kafin ya shiga, ba ya taɓa ido. Lambar tana iya hawa saboda yarinyar na girma ƙwayar idon ma na ƙara tsawo, ko ta sa ko ba ta sa ba, shi ya sa ake so a sake aunawa duk shekara. Kafin ku je ki roƙi tichan ya dawo da ita layin gaba, jarrabawar BECE na tafe kar ta yi ta kwafar abin da ba ta gani.