Me za mu kira "communication fault" na kukar lantarki da Hausa?

Jama'a, masu gyara da malaman Hausa, ina neman ra'ayinku a kan wata kalma da take ba mu wahala a shago nan Jos. Kukar lantarki ta zamani, wato murhun girki na lantarki, mai obin a ƙasa da wurin taɓawa a sama, wani lokaci takan tsaya cak, ta rubuta wata lamba tana ta ƙara. Ka buɗe littafinta ka ga an ce lambar tana nufin "communication fault". A kukar Samsung, alal misali, C-F0 ke nan. Mu da muke cikin aikin mun san abin da ake nufi. Amma idan Hajiya ta tsaya a kanka ta ce, "Malam, me ya same ta?" sai ka ji yaron shago ya yi caraf ya ce, "Fanel ne ya tafi." Wato wai allon lantarkin da yake sarrafa kukar ne ya lalace. Wannan amsar nake so mu daina bayarwa, domin sau da yawa ba haka ba ne, kuma tana cin kuɗin mutane.

Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Irin wannan kuka fanel biyu gare ta, wata ma uku. Akwai na gaba, wanda yatsa yake taɓawa, shi ne mai nuna agogo da zafi. Akwai babba a baya, mai ɗauke da rile-rilen da suke sakar wa ƙarafan dafuwa wuta. Tsakaninsu damin ƙananan wayoyi ne, ko faffaɗar wayar nan mai kama da leda wadda masu gyaran waya suke kira fileks. Ba wutar gida take bi ta cikinsu ba, 'yar ƙaramar wuta ce, yawanci bolt 5 ko 12. Kin danna ma'aunin zafi 180, na gaba ya aika wa na baya, na baya ya amsa cewa ya ji, kuma haka suke ta yi ba hutawa muddin kukar tana kunne. Da zarar ɗaya ya jira amsa ya ji shiru, sai kukar ta ɗauke wa ƙarafan wuta ta nuna lamba, don kada obin ya ci gaba da zafi babu mai iya tsayar da shi. Wayar tsakiyar nan ɗan aike ce. In ɗan aike ya maƙale a hanya, ba wanda ya aika ne ya mutu ba, ba kuma wanda aka aika wa ba.

Wani malamin makaranta daga Unguwar Rogo ya ce mini, "Ai ba sai an wahala ba, matsalar sadarwa ce." Malam, na yarda fassarar daidai take, haka za a faɗa a labaran rediyo. Sai dai na gwada ta a kan masu kawo gyara. Kana cewa sadarwa, hankalin mutum ya tafi kan layin waya da data. Wata baiwar Allah har tambayata ta yi ko sai an haɗa kukar da intanet. Kalmar ta riga ta yi gida a wani wuri.

Ogana da ya koya mini aiki cewa yake yi, "Fanel ɗin gaba suke yi." Kowa yana ji zai gane ba sa magana da juna, kuma ina son ta don ta fito daga bakin mai aiki. Amma Oga, ka yi haƙuri, gaba tana ɗora laifi a kan masu gabar, ga ta kuma tana cin karo da "fanel na gaba" da muke faɗa kullum. "Rashin jituwa" da wani ɗan'uwa ya kawo daga Abuja ita ma kyakkyawa ce, sai dai ina ganin a ajiye ta don wani ciwon daban: lokacin da aka sayo fanel a kasuwa, ya shiga mazauninsa daram, amma lambarsa ba ta kukar ba ce, su biyun lafiyarsu ƙalau amma ba sa fahimtar juna.

Tawa shawarar ita ce: yankewar saƙo.

Dalilina na farko, kalmar da kanta tana tura hannun mai gyara zuwa hanya kafin ya kai ga fanel, kuma haka tsarin binciken yake. A fara da kashe wuta daga bireka ko jan makunnin bango, a bar ta kamar minti 5, a sake kunnawa. Idan ɗaukewa da kawowar wuta ne suka rikita ta, ko canjin da ake yi zuwa janareta, sau da yawa nan take warwarewa. In lambar ta dawo, a sake kashewa, a sa mitar auna wuta ta masu gyara a tabbatar babu wuta kafin a kwance murfin baya. Kuka ba rediyo ba ce, wutarta tana kisa. Daga nan a bi wayar tun daga kai har ƙarshe. A zare kowane soket, wato inda wayar take shiga fanel, a duba haƙoransa da tocila. Abin da ido yake gani a wurin nan ba kaɗan ba ne: maiƙon suya da ya bi tururi ya daskare ya zama kamar ƙaro, haƙori ɗaya da ya yi kore saboda laimar daminar Jos, kashin kyankyaso baƙi-baƙi a inda suka taru neman ɗumi lokacin hunturu, ko gefen fileks da ɓera ya ɗan gatsa. A goge da abin goge fanel da ɗan buroshi, a bari ya bushe sarai, a mayar har sai an ji ya zauna. Sannan a auna wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mita, ana ɗan lanƙwasa su, domin akwai wadda take karyewa a ciki alhali robarta lafiya lau.

Sai hanya ta fita daga zargi ake komawa kan fanel. A nan ma ba sauyawa ake fara yi ba. A auna 'yar ƙaramar wutar nan a ga ko ta kai abin da zanen wayoyin kukar ya nuna. Idan bolt 5 ya zama 3 da wani abu, a dubi kafasitocin ɓangaren wuta, wato 'yan ƙananan gwangwanayen nan masu tara wuta a jikin fanel. Wadda kanta ya kumbura ko ta zubar da ruwa ita ce mai laifin, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin sabon fanel ba.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen Terminus ya ƙalubalance ni. Ya ce, "Ɗana, ai ba kullum yake yankewa ɗungurungum ba, wani lokaci yana zuwa yana tafiya." Gaskiyarka Baba, kuma a nan ne kalmar ta ƙara kwanta mini. Idan ta tsaya gaba ɗaya, saƙo ya yanke. Idan sai obin ya yi zafi take nuna lambar, ta huce ta koma daidai, saƙo yana yayyankewa. Da jin haka mai gyara ya san soket ne yake saki in ƙarfe ya buɗe da zafi, ko dalma ce ta tsage a ƙasan fanel. Turancin sai ya ƙaro wata kalma kafin ya bambance waɗannan biyu, mu kuwa ninka gaɓa ɗaya ya wadatar.

Akwai abin da ba na so a cusa a ƙarƙashin wannan suna. Kukar gwanjo da aka shigo da ita daga Amurka an ƙera ta ne don wutar can, bolt 120 da 240, kuma yawancinsu fanel ɗinsu daga 120 yake sha. Wutarmu 230 ce. Wanda ya jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma ba, fanel ɗin yakan ƙone, har ka ji ƙauri ka ga baƙin tabo. Wannan ƙonewar fanel ce, a kira ta da sunanta.

Na fara rubuta "yankewar saƙo tsakanin fanel na gaba da babban fanel" a rasit, kuma na lura mai kaya yakan tambaya da kansa, "To a ina ya yanke?" Da can tambayar ita ce, "Nawa ne sabo?" In akwai wanda yake da wadda ta fi ta, ya kawo mu auna ta a bakin masu kawo gyara. Fileks ɗin nan kuma har yanzu da sunan aro muke kiransa. Wani ya ce "waya mai faɗi", wani ya ce "ɗamara", ni dai na fi karkata ga ta farkon, ina jiran ta bakin masu gyaran waya tunda su suka fi mu riƙe shi a hannu.