Kogi ko tafki: ina kuke kai yara ruwa a bazara?

Wata uwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zafi ya tsananta, yara sun hana ni sakat sai an kai su ruwa. Kogi na kusa da mu, akwai kuma tafkuna da ba su da nisa. Babban ya iya iyo kaɗan, ƙananan ko alama. Don Allah waɗanda suka saba zuwa ku faɗa min abin da kuka gani da idonku.

Dattijo mai kwale-kwale:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni a bakin kogi na girma, har yau da la'asar ta yi nake ɗaukar filafilina. Ki nemi inda kogin ya yi kwana. Ta ciki ruwan a hankali yake tafiya, yana zubar da yashi, nan ne yara za su zauna ruwa iya gwiwa su yi ta wasa. Ta waje kuwa igiyar ta fi ƙarfi, tana cin gaɓa ta ƙasa, gurbin a can yake. Kuma yashi tashi yake yi, inda aka taka bara bana sai ki tarar ya zama rami, don haka babba ya fara shiga da sanda. Abu biyu nake gudu. Itacen da ya faɗo ruwa, don ruwa zai ratsa rassan ya wuce, mutum kuma ya maƙale. Sai ƙaramar madatsar siminti da ruwa ke zubowa ta kanta. A ƙasanta ruwan juyi yake yi, ya dawo da abin da ya kama gindin ginin, ya sake dannawa. Na taɓa ganin kututture yana wannan juyin tun hantsi har muka tashi bai fita ba.

Wani matashi:
Baba, ni tafki na fi so, babu abin da ke jan ka, ka kwanta rigingine kana kallon sama. Amma shi ma da nasa halin. Saman kawai rana ke dumamawa. Na yi iyo zuwa tsakiya, na saki ƙafafuna ƙasa, ƙirjina cikin ɗumi, ƙafa kuwa kamar na tsoma cikin randar sanyi. Wanda ya yi tsalle daga kan dutse, cikin wannan sanyin yake faɗawa gaba ɗaya, numfashi ya ƙwace masa. Kuma gaɓar tsallake kullum kusa take a ido. Yanzu bin gefe muke yi, ba ma tsallakawa.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya, abin da ya fi damuna shi ne mutane na jiran ihu. Mai nutsewa ba ya ihu, bakinsa na neman iska ne. Na ga yaro tsaye cikin ruwa, kai a karkace baya, hannuwa na danna ruwan, manya kewaye da shi suna hira. Allah Ya taimaka wani ya miƙa hannu ya cafo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Don haka ƙananan nan, kada su wuce inda hannunki zai kai, kuma a ajiye waya. Tiyub ɗin taya da robar hurawa kayan wasa ne, suna suɓucewa, iska kuma na tura su tsakiya. Rigar kariya daga nutsewa ita ce abin dogaro. Idan kika ga ruwan tafki ya yi kore shar, da kumfa a gefe, a haƙura da shi ranar, irin wannan gansakukar na iya sakin guba. A ƙasashen da ake da tsargiya kuma, dodon koɗi da ke cikin ciyawar gefen ruwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Yaro ya fara fitsari da jini, a kai shi asibiti, akwai magani.

Mai fatsa:
Kada tsoro ya sa ki fasa, Hajiya. Ku je da sassafe, ruwa kwance, kifi na wutsil-wutsil a gefe. 'Yata a nan ta koyi haƙuri, riƙe da sandar fatsa. Hadari kawai nake kiwo: da na ji tsawa muke fitowa, sai an yi minti 30 ba a sake ji ba muke komawa.

Wata uwa:
Allah Ya saka da alheri. Za mu fara da yashin cikin kwanar kogin da Baba ya kwatanta, da mahaifinsu da ƙanena, kowa da yaron da zai sa wa ido. Ƙanwata, rigar fa, yaya zan gane ta yi wa yaro daidai?

Ma'aikaciyar jinya:
Ana rubuta nauyin yaron da ta dace da shi a jikinta, ki duba. Ki ɗaure duk maɗauran, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. Idan ta hau har kunnuwa ta yi masa yawa. Ta ƙaramin ki zaɓi mai igiyar da ke bi tsakanin ƙafafu, ki kuma bar shi ya gwada ta a ruwa iya ƙugu kina riƙe da shi.