Me zai hana a yi wa notin layin dogo walda a huta?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ni mai walda ne a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, musu ne ya kaure tsakanina da mastana. Tsohon layin dogon nan na wajen Kejetia, wanda 'yan kasuwa suka baza kaya a kansa, in ka duba inda dogo biyu suka haɗu za ka ga farantan ƙarfe biyu sun rungume su, ɗaya ciki ɗaya waje, da bol huɗu. An ce lokacin da jirgi ke bi, kullum sai an bi ana ɗaure notin. To mu a gareji, in notin tirela ya dame mu da kwancewa, ɗigon walda ɗaya muke masa, shi ke nan. Masta ya ce washa mai tsaga ma ta isa. Wa ya fi gaskiya?

Tsohon Reluwe:
Wa alaikumus salam ɗana. Daga kai har mastanka ba wanda ya ci. A layin yamma na yi ƙuruciyata, wanda ya taso daga Sekondi ya iso Kumasi tun 1903, kuma sufana ce abincina.

Wannan mahaɗar da ka gani, da gangan aka yi ta don ta motsa. Dogo yana miƙewa in rana ta buga shi, ya tsuke da dare. Ka je da asuba ka duba tsakanin bakin dogo biyun, za ka ga rata da bakin sukundireba zai shiga. Ka koma bayan azahar ka ga ta kusa rufewa. Shi ya sa ramin da ke jikin dogon ya fi bol ɗin faɗi. Lokaci-lokaci mukan kwance notin, mu kankare tsatsa, mu shafa wa farantin mai, mu mayar. In aka bar shi ya cije, dogon ya rasa inda zai miƙe, sai ya lanƙwashe gefe guda da tsakar rana. To in ka yi walda, ranar shafa mai da me za mu kwance? Ga shi kuma zafin walda yana kashe ƙarfin bol, in ya taɓa jikin dogon nan ne tsagewa za ta fara.

Abin da ya fi wannan, bol yana sakin jiki ko notin bai juya ko kaɗan ba. Farantin yana cin ƙasan kan dogo, dogo yana cin faranti, tsatsar da ke tsakani tana marmashewa. Sai ka tarar noti yana nan inda ka bar shi, amma faranti yana rawa. Maganinsa a ƙara ɗaurewa, kuma notin da aka yi wa walda ba ya ƙaruwa.

Mai duba layi da ƙafa yake tafiya, guduma a hannu, doguwar sufana a kafaɗa. Ya ɗora yatsa a kan noti, ya ƙwanƙwasa kan bol ta ɗaya gefen. Mai kyau ƙararsa tas take fita, sakakke kuwa sai ka ji shi dum, yana kaɗawa a yatsanka. In ka ga jan gari kamar barkono ya zubo a gindin noti, ba sai ka taɓa ba, wurin yana motsi. Na tsakiya biyu ake fara ɗaurewa, sannan na gefe.

Kuma sau da yawa laifin na ƙasa ne. Wajen Tarkwa da damina, ruwa ya jiƙa ƙarƙashin katakon da dogo ke kwance a kai, jirgin da ke ɗauke da ma'adinin manganis ya taso daga Nsuta da nauyinsa, duk ƙafar da ta hau mahaɗa sai ta dulmuya, laka ta fantsamo. Irin wannan wuri ko sau goma ka ɗaure a banza, sai an cusa tsakuwa an daddale.

Ɗalibar Tek:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi daga aji. Bol ɗin da aka ɗaure miƙewa yake yi kaɗan kamar danƙo, wannan jan shi ke danne noti ya hana shi juyawa. A 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna cewa girgizar da ke tafiya a gicciye ita ce mai kwance noti da sauri, don tana sa haƙoran bol da na noti su zame a kan juna. Har yau da injin gwajinsa ake auna kayan kulle noti, kuma washar Masta ba ta yin abin kirki a kansa: da an ɗaure ta baje, ta koma washa kamar kowace.

Waɗanda suka fi ta: washa biyu masu haƙoran tudu da ke hawa juna irin na Nord-Lock, da noti biyu irin na Hardlock da ake sa wa jirgin Shinkansen a Japan. Ko noti biyu na gida yana aiki, amma siririn ake fara sawa, a riƙe shi da sufana, a matse kakkauran a kansa. Yawanci mutane juya su suke yi.

Sababbin layuka kuwa rage bol ɗin ake yi gaba ɗaya. Dogon ake haɗewa da narkakken ƙarfe, a danne shi a kan kankare da lanƙwasasshen ƙarfe mai tsalle irin na Pandrol, wanda ba shi da noti sam. A kan kankare aka shimfiɗa layin Tema zuwa Mpakadan, mai kilomita 97, da aka buɗe a 2024. Inda bol ya rage shi ne wajen canjin layi, kuma nan ya fi haɗari. A Potters Bar ta Ingila, 2002, notin sandunan da ke riƙe bakin canjin layi ne suka kwance, jirgi ya kauce, mutum 7 suka mutu.

Na Sabon Zango:
Duk kun manta da masu kwancewa da hannu. Inda jirgi ya daina bi, ɓarayin tsohon ƙarfe ne girgizar. Akwai notin da kansa ke ɓallewa in ya gama ɗauruwa, ya bar santsi da sufana ba ta kamawa. Shi ya kamata a sa.

Tsohon Reluwe:
Ya hana ɓarawo, ya hana ni. A kan allon alama ko shinge a sa shi, ban da mahaɗa.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka Baba, ya ƙara lafiya. To mu masu tirela fa, notin taya da na kafi, me za mu yi in ba walda ba?

Ɗalibar Tek:
Yaya, ku goge tsatsa da fenti daga inda noti zai zauna, ku ɗaure da sufana mai awo daidai adadin da kamfanin motar ya rubuta. In an canza taya, direba ya tsaya bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bi. Sannan ku ja layi da farin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfen; ranar da layin ya rabu biyu, ko yaron mota zai gane.