Rediyon jirgin ƙanena na ƙara in an tada inji

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Ina gyaran rediyo a nan Damagaram, kusa da kasuwar Dole. Ƙanena yana su a Tafkin Chadi, ya aiko mini rediyon jirginsa cikin buhu, wai da ya ja igiyar inji sai "tatatata" ta danne magana. Na jona ta da batir 12 volt a rumfata, tas take! Abin ya dame ni, don da ita yake jin 'yan'uwansa in dare ya yi musu a ruwa. Ina zan fara?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam. Rediyon lafiyarta lau, ɗana. Wannan tatata ɗin tartsatsin buji ne, wato filogin da ke ba inji wuta. Ƙanenka ya sa buji mai resistans a ciki, wato irin wanda ke rage wannan ƙarar. A bujin kamfanin NGK za ka ga harafin R cikin lambar. In kuwa kuka ne siriri mai hawa in an ƙara wa inji wuta, daga wajen cajin batir yake. Ya cire eriya ya saurara: in ƙarar na nan, ta wayar wuta take shigowa. Sai ya ja waya biyu kai tsaye daga batir, da fis mai yanke wuta in ta yi yawa, ya murɗe su kamar igiya, nesa da wayoyin inji.

Mai Solar:
Ya duba cajar waya ta araha da ƙwan LED. Ni a motata su ne suka hana ni jin labarai wata guda.

Ɗan Birni:
Allah ya saka, Malam. Na kira shi, ya ce kan batir ɗin ma ya yi kore da tsatsa. Gobe zan aika masa buji a mota ta Diffa.