Tambaya kan sautin da na saya da lasisi amma aka ce na wani ne

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu haɗa kiɗa. Na haɗa kiɗan wani gajeren fim, inda na sa busar sarewa daga rumbun sautuka da na biya kuɗinsa, wanda lasisinsa ya halatta wa kowane mai saye amfani da shi a kasuwanci. Da aka ɗora fim ɗin a YouTube, sai tsarin Content ID, mai kwatanta sautin bidiyo da waƙoƙin da aka yi wa rajista, ya danganta kiɗan ga wani mawaƙi da ya sa wannan sarewar a waƙarsa, alhali ƙa'idar tsarin ta hana rajistar sautin da ba mutum ɗaya ya mallaka ba.

Na shigar da ƙorafi, amma mawaƙin ya ƙi amincewa da shi cikin kwana 30 da ake ba shi, kuma kuɗin talla na tafiya wurinsa. Idan na ɗaukaka ƙara yana iya neman a sauke bidiyon, abin da ke jawo gargaɗi daga YouTube, gargaɗi 3 kuwa kan jawo rufe tashar da aka ɗora bidiyon, wadda ma ta furodusan fim ɗin ce. Shin wasiƙa daga masu rumbun za ta wadatar, ko kamfanin da ya rarraba waƙarsa zan tuntuɓa?